Ranar da Na Tsaya a Kabarin Yakubu

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin ana cewa uwarku ta taɓa musulunta na yini ɗaya. Tun kuna makarantar Lahadi ake yi muku gori da wannan magana, ku dawo gida fuska a murtuke, ni kuwa in ce ku wanke hannu ku ci tuwo. Ban taɓa ba ku amsa ba, domin ni kaina ban san amsar ba. Yanzu idona ya fara gajiya, waɗanda suka ga abin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka bari in rubuta muku yadda aka yi. Ma'anarsa ba zan iya gaya muku ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa, har da wurin da na yi ƙarya.

Ina da ƙane ɗaya, Yakubu, wanda ba ku sani ba sai a hoton nan na bangon ɗakina. Shekara biyu na ba shi. Yakubu yana da i'ina, amma irin tasa daban ce. In yana hira da abokansa a gindin mangwaro maganarsa garau take fita, in yana waƙa kuwa ba ka ce harshensa ya taɓa sarƙewa ba. Sai babba ya tsare shi da ido ya yi masa tambaya, nan fa magana za ta maƙale. Babanmu mai bishara ne a ƙauyenmu, can tsakanin Kafanchan da Godogodo, kuma kowace Asabar da yamma yakan jera mu a tsakar gida ya tambaye mu ayar haddacewa, tsumagiya tana jingine da kujerarsa. Yakubu ya san ayar sarai, ya ma fi ni riƙe ta, amma da Baba ya ce, "Yakubu, tashi," shi ke nan, sai leɓe ya kama rawa. Ni ce nake zama a bayansa, in sunkuya kamar ina sosa ƙafa, in raɗa masa kalmar farko. Da ya ji ta farko sauran sai su biyo da gudu. Haka muka yi a gida, haka muka yi a makarantar Lahadi, har ranar da aka yi masa tambayoyin baftisma a bakin rafi ina tsaye kusa cikin mawaƙa, bakina yana motsi.

Kafin ku yanke wa kakanku hukunci, ku san abin da yake ɗauke da shi a gadon bayansa. Yana saurayi, lokacin da masu bi a ƙauyenmu ba su cika yatsun hannu ba, dogaran wani hakimi sun ɗaure shi a kasuwa sun zane shi, saboda ya rataye guntun ƙarfen layin dogo a bishiya yana bugawa don kiran sujada. Suna dukansa suna kiransa arne. Tabon yana nan har ya mutu, mun sha gani in ya tuɓe riga a gona. A wurin Baba, Musulunci shi ne wannan bulalar, bai san masa wata fuska ba, kuma bai nemi ya sani ba.

Yakubu ya sami aiki cikin masu gyaran layin jirgin ƙasa, ya kama ɗaki a Kafanchan. A bakin layin akwai gonar wani Bafulatani da ya daina yawon kiwo ya zauna, Malam Buba, wanda yakan ba ma'aikata ruwa da nono in rana ta yi zafi. Yadda hirarsu ta faro ban sani ba. Abin da na sani, a shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama, Yakubu ya zo gida hutun Kirsimeti da buta a cikin jakarsa. Ko suna bai canja ba, wai Malam Buba ya ce masa Yakubu ai sunan annabi ne. Baba ya sa aka fito masa da kujerar nan tasa ta Asabar, ya zauna a tsakar gida, ya ce Yakubu ya tsaya a gabansa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Baba. "Me Yesu ya yi maka da ka bar shi?"

Leɓen Yakubu ya kama rawa. Ya juyo ya dube ni yadda ya saba tun muna yara. Na buɗe baki, na rasa kalmar da zan raɗa masa, domin wannan ayar ba a koya mana ita ba. Baba ya jira, ya jira, sannan ya tashi ya ɗauki butar ya buga ta da dutsen niƙa.

Abin da ya biyo baya ba na jin daɗin rubuta shi, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye ba. An karanta sunansa a majami'a, aka cire shi daga littafin masu bi, kuma Baba da bakinsa ya karanta. An ƙwace gonar cittarsa aka ba ɗan kawunmu. Samarin da suka yi waƙa tare da shi shekara da shekaru sun bi shi bayan gari inda ya shimfiɗa buzu zai yi salla, suka zuba masa dusar burkutu a kai, wani kuma ya shafa wa ƙofar ɗakinsa man alade. Mama ta ware masa kwano saboda Baba ya ce a ware, tana wanke kwanon tana kuka. Kafin sabuwar shekara ya koma Kafanchan, aka ce kada ya sake taka gidan. Ku kuma kada ku ɗauka can ya tarar da gata. Nakan kai masa acca a ɓoye ranar kasuwa, ya gaya mini a masallacin unguwarsu akwai masu kiransa tubabbe, akwai wanda in ya tsaya kusa da shi a sahu sai ya matsa, wai har yanzu yana warin giyar kakanninsa. Na ce to, ka bar gida an ƙi ka, ka zo nan ba a karɓe ka ba, me ka samu? Ya yi murmushi ya ce in ya sa goshi a ƙasa ba wanda yake tsare shi da ido. Ban gane ba a lokacin, yanzu ma ba zan ce na gane duka ba.

Da damina ta biyu shawara ta kama shi. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, a asibiti aka ce a kai shi gida. Mama ta durƙusa a gaban Baba daga safe har rana ta take, sannan ya yarda, da sharaɗin a sa shi a ɗakin ajiyar doya kuma ba za a yi salla a gidansa ba. Ni nake jinyarsa. Ina ganin yatsunsa suna motsi a ƙarƙashin bargo in lokacin sallarsu ya yi, sai in juya baya in yi kamar ina gyaran fitila. Wata rana da hantsi, kowa ya tafi gona, ya kama hannuna.

"Yaya Rahila, ba mutuwar nake tsoro ba. Tambayar nake tsoro."

"Wace tambaya kuma?"

"In aka binne mutum, mutane suka juya, yana jin takun ƙafafunsu suna tafiya. Da sun yi nisa sai mala'iku biyu su zo, Munkari da Nakiri, su tashe shi zaune. Tambaya uku ce. Wane ne Ubangijinka, mene ne addininka, wane ne annabinka. Wanda ya amsa, a buɗe masa kabarin ya huta. Wanda ya kasa, sai duka."

"To ai ka san amsar."

"Na san ayar haddacewa ma, Yaya."

Na gyara masa bargo. Ya ce su Musulmi in sun binne mutum, malami yakan tsaya a wajen kansa bayan an rufe ƙasa, ya kira shi da sunan uwarsa, ya tuna masa amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Talƙini suke kiran abin. Ya ce ya san Baba ba zai bar Malam Buba ya matso ba, ko a raye ko a mace. Sannan ya faɗi abin da tun da ya fara magana na san can ya nufa.

"Ke kika saba raɗa mini. Ba sai da Larabci ba, da Hausa ma zan ji. Ki tsaya kawai in kowa ya tafi."

Na ce masa ya daina zancen banza, zai warke. Amma kafin su Mama su dawo daga gona ya sa na maimaita kalmomin har sau biyar, yana gyara mini, wannan karon shi ne malamin. Na haddace su kamar yadda na haddace Zabura, kuma abin ya tsorata ni yadda suka zauna daram a kaina.

Kwana uku ban san inda kaina yake ba. Ni malamar makarantar Lahadi ce a lokacin, ina cikin mawaƙa, ban taɓa shakkar Mai Cetona ba. Na je wurin fastonmu, na kewaya na tambaye shi, wai wata mata ce ta tambaye ni a kasuwa, ko ana tambayar mutum a kabari. Ya yi dariya ya ce babu wannan, jiki ƙasa yake komawa, hukunci kuma na Ubangiji ne a ranar ƙarshe, matacce ba ya jin komai. Na fito ina lissafi a raina. In faston ne da gaskiya, to magana da tudun ƙasa ba za ta cuci kowa ba. In Yakubu ne da gaskiya, yana bukatata. Amma in Yakubu ne da gaskiya, ni ina makomata, da Mama, da kakarmu da ta mutu tana rera waƙar Yesu? In kuma faston ne da gaskiya, Yakubu ya riga ya ɓata, ni kuma zan je in ƙara tura shi da bakina. Duk inda na juya sai in tarar da wani nawa a cikin wuta. Na yi addu'a, ban ji an ce mini yi ba, ban ji an ce mini bari ba.

Yakubu ya cika ranar Talata da sassafe, ana yayyafi. Kafin rana ta ɗaga Malam Buba ya iso da mutum huɗu da farin ƙyalle na likkafani. Samarin ƙauye suka tare su a bakin shingen ƙerana da sanduna da fartanyoyi. Baba ya fito, bai ɗaga murya ba.

"Malam, ni na haife shi, ni na kai shi rafi aka yi masa baftisma. Kun ɗauke shi da rai. Gawar tawa ce."

"Gaskiya ne ɗanka ne," in ji Malam Buba. "Wanka kawai za mu yi masa, mu sallace shi. Ko a nan bakin hanya ne."

"Ku koma ta inda kuka fito."

Suka koma. Daga baya na ji sun tsaya a ƙetaren rafi sun yi masa salla ba gawa a gabansu. Mu kuma muka jira dangi daga Kwoi har washegari. Kafinta ya haɗa akwati, aka sa wa Yakubu farar rigarsa ta mawaƙa wadda Mama ta ɓoye a ƙasan adakarta, aka haƙa rami a bayan gida kusa da na kakanmu. Aka yi waƙa, fasto ya yi wa'azi a kan ɗan da ya ɓata ya komo gida, mutane suna cewa amin. Ni kuwa ido na zuba wa akwatin don kada in manta ta wane gefe kansa yake.

Aka rufe ƙasa, aka yi addu'ar ƙarshe, mutane suka juya zuwa tsakar gida inda ake dafa abinci. Na sunkuya kamar ina ɗaure takalmi. Ina jin takunsu a cikin taɓo, caɓal caɓal, yana raguwa, sai na ce a raina ashe abin da yake ji ke nan yanzu. Na waiga hagu da dama, ban ga komai ba sai masara da kaji biyu. Ban san ta ina mala'iku suke zuwa ba, ban san ko sun riga sun iso ba, ban san ko suna nan da ma ba. Na durƙusa a wajen kansa, gwiwoyina suka nutse cikin jar ƙasa, na kai bakina kusa.

"Yakubu ɗan Hannatu," na ce. "Ni ce, Rahila. Kada ka ji tsoro. In sun ce wane ne Ubangijinka, ka ce Allah ne Ubangijina."

Wannan bai yi mini nauyi ba, mu ma Allah muke cewa. Na ci gaba.

"In sun ce mene ne addininka, ka ce Musulunci ne addinina."

Sai na tsaya. Ta ukun tana kan harshena, na san ta, amma ranar nan na ɗanɗani abin da ƙanena ya yi ta sha tun yana yaro. Leɓena ya kama rawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, wataƙila numfashi uku ne, wataƙila goma. Na ja iska, na ce, "In sun ce wane ne annabinka, ka ce," sai na ji hannu ya damƙi kafaɗata ya fizge ni baya. Baba ne. Ya dawo ɗaukar Littafinsa da ya bari a kan kututture. Bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya ja ni a ƙasa har tsakar gida a gaban dukan baƙi, zanina duk taɓo, ya ce wa fasto, "Ga ta biyu."

Ranar Lahadi dattawan ikilisiya suka zauna a kaina. Suka ce na furta da bakina cewa Musulunci ne addinina. Na ce ba nawa na ce ba, nasa na ce. Suka ce kalmar daga bakin wa ta fito? Na juya ga fasto na ce, ranka ya daɗe, kai ka gaya mini matacce ba ya ji, to in ƙasa na yi wa magana, laifin me na yi? Ya ce Ubangiji ai ya ji. Wannan kam gaskiya ce. Aka sa ni ƙarƙashin horo shekara guda. Aka karɓe ajina na makarantar Lahadi, aka fitar da ni daga mawaƙa, ba cin jibin Ubangiji, zama kuma a bencin baya kusa da ƙofa. Matan da muke zuwa rafi tare suka riƙa kirana Hajiya. Baba bai sake kiran sunana ba har shekara huɗu, sai dai ya ce wa Mama, "Gaya wa 'yarki." Mama ba ta ce mini komai ba, illa ran nan muna surfe ta ce ƙasa ƙasa, "An ce da sunana kika kira shi." Na ce e. Ta ci gaba da daka.

Bayan wata guda na bi layin dogo da ƙafa har gonar Malam Buba. Na gaya masa duk yadda aka yi, na ce ya faɗa mini gaskiya, Yakubu ya ci ko ya faɗi? Ya bar shanunsa ya juyo gare ni.

"'Yata, talƙini tunatarwa ce kawai. Akwai ma malaman da suke cewa ba a yin sa. Wanda ya mutu da imani, Allah ne yake tabbatar da harshensa, ba malami ba."

"To in haka ne, me ya sa kuke yi?"

"Haka muka tarar. Kuma mai rai ma yana bukatar abin da zai yi."

"Ni fa? Sun ce na musulunta."

"Kin yi niyya?"

"Ban yi ba."

"To ba ki musulunta ba."

"In na koma yanzu na faɗa masa ta ukun, zai ji?"

Ya sunkuyar da kai ya ce tambayar ai an riga an yi ta tun ranar. Na dawo gida da abin da na tafi da shi. Majami'a ta hore ni a kan abin da ta ce babu shi, malami ya ce abin da na yi ba dole ba ne, ni kuma ban ma gama shi ba. Na cika shekarata a bencin baya, aka maido ni, na auri ubanku, na haife ku, na yi shekara talatin ina jagorar zumuntar mata. Ban bar Yesu ba ko na yini ɗaya, wannan ku riƙe. Amma har yau in ana jana'iza, aka juya za a tafi, ƙafata takan yi nauyi, kun sha jan hannuna kuna cewa Mama mu je.

Baba ya tsufa ƙwarai, ya makance a ƙarshe, kuma a hannuna ya yi jinyarsa domin Mama ta riga shi. Ba mu taɓa tada zancen ba. Ana saura kwana biyu ya rasu, da rana tsaka, ina shafa masa man kaɗanya a bayan nan mai tabo, sai ya ce in dakata.

"Rahila."

"Na'am, Baba."

"Ranar nan a bayan gida. Abin nan da kike gaya wa yaron." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ni ban yarda da shi ba, kin sani. Babu wani mala'ika mai tambaya a rami."

"Na sani, Baba."

"Amma yaron nan ba ya iya amsa tambaya in ba ke." Hannunsa ya lalubo nawa ya riƙe. "Kin gama faɗa masa kafin in zo?"

Na dubi tsohon nan, idanunsa farare suna kallon inda ba ni, yana jira yadda Yakubu yakan jira ni. Na ce, "Na gama, Baba. Duka ukun na faɗa masa." Ya saki dogon numfashi, ya ce to, to, madalla, ya juya ya yi barci.

Wannan ce ƙaryar da na ce zan gaya muku. Ban gama ba. Baba bai fizge ni da wuri ba, ni ce na tsaya ina rawar baki alhali lokacin ya ishe ni. Biyu na raɗa wa ƙanena, ta ukun na bar shi da ita shi kaɗai.